Fashin baƙi: Yadda mai shagon tufafi zai ci riba ba tare da tauye ma'aikaci ko ɓata muhalli ba

Duk rigar da ke rataye a shago ta bi ta hannuwa da yawa kafin ta iso wurin. Akwai manomin auduga, ko rijiyar man da aka samo zaren roba daga cikinta. Akwai masaƙa, akwai marina, akwai tela da mai guga, sannan akwai bolar da rigar za ta ƙare a ciki. Mai shago yana tsakiyar wannan layi, kuma shi kaɗai ne yake magana da ɓangarorin biyu, wato wanda ya yi kayan da wanda zai sa su. Shi ya sa idan ana batun gyara harkar tufafi don ta daina cutar da mutane da muhalli, ido kan koma kansa.

Sai dai yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet an rubuta su ne don manyan kantunan Turai da Amurka. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ko mai shagon kayan mata a titin Gidan Zoo, ko baiwar Allah mai tallata abaya ta WhatsApp daga ɗakinta a Kaduna, in suka kwafi waɗannan shawarwari yadda suke, ƙarshenta za su sauya leda da jakar takarda su ɗauka sun gama, alhali ba su taɓa inda ɓarnar take ba. Dole kowa ya bi layin kayansa ya gano inda tasa cutarwar take.

Abin da ya tayar da maganar a duniya ya faru ne ranar 24 ga Afrilu, 2013, a garin Savar da ke kusa da Daka, babban birnin Bangaladash. Wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza ya rufta a kan masu ɗinki, mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata. Tun ana gobe an ga tsaga a jikin ginin. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma masu ɗinkin da ke sama aka umarce su da su dawo aiki. A cikin ɓaraguzan aka tsinci tambarin sanannun kantunan Turai da Arewacin Amurka. Babu ɗaya daga cikinsu da ya mallaki ginin ko ya ɗauki waɗannan mutane aiki da hannunsa. Abin da suka yi shi ne yanke farashi da yanke ranar kawo kaya, kuma waɗannan abubuwa biyu su suka sa mai masana'anta ya ga asarar yini guda ta fi masa ciwo a kan tsagar bango. Kafin wata guda ya cika aka ƙulla yarjejeniyar kare lafiyar ma'aikata wadda kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu, wadda kuma ake iya kai mai saɓa mata gaban shari'a, aka duba masana'antu fiye da 1,600.

Farashi da ranar karɓa. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyun, domin ƙaramin mai shago ma su ne a hannunsa.

Ɗaya ɓangaren matsalar waɗannan manyan kamfanoni shi ne yawan kaya. Tsakanin 2000 da 2015 adadin tufafin da ake yi a duniya ya kusa ninkawa, kuma abin da ake sake mayarwa sabon tufafi daga tsoho bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ana ɗinka miliyoyi kafin a san ko akwai mai saye. A 2018 kamfanin Burberry na Ingila ya bayyana a rahotonsa na shekara cewa ya ƙone kayan da suka yi kwantai na fam miliyan 28.6 don kada a karya farashinsu. Surutun da ya biyo baya ya sa ya daina. Faransa ta yi doka a 2020 ta hana lalata sabbin kayan da ba a sayar ba, Tarayyar Turai kuma ta tsayar da 19 ga Yuli, 2026 a matsayin ranar da irin wannan hani zai hau kan manyan kamfanonin tufafi.

Abin da mutanen waɗancan ƙasashe suka sa suka yar, da yawansa nahiyarmu yake zuwa. Kasuwar Kantamanto da ke Akara a Ghana tana karɓar gwanjo kimanin guda miliyan 15 a mako, kamar yadda gidauniyar Or da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta, kuma wajen kashi 40 cikin 100 shara yake zama, ya cika bola da bakin teku. 'Yan matan da ke ɗaukar dilar da ta haura kilo 50 a ka, da yawansu daga arewacin Ghana suka fito. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar. Ni ban ga laifin gwanjo a karan kansa ba. Mai sayar da gwanjo a Ƙofar Wambai yana ƙara wa riga kwana ne, yana kuma suturta wanda ba zai iya sayen sabuwa ba. Laifin yana ga dilar da ake saye ido rufe, a kwance ta a tarar rabi tsumma ne, ɗan kasuwa ya yi asarar jari, gari kuma ya gaji sharar da ba shi ya yi ta ba.

To mu fa? A ƙasar Hausa akwai wata dama da waɗancan kamfanoni suke kashe kuɗi don su dawo da ita. Har yanzu mafi yawan kayan da muke sawa a taro yadi ne ake saye a kai wa tela ya auna mutum ya ɗinka. Ba a yanka sai an san mai shi. Turmin atamfa mai yadi 6 idan bai fita bana ba zai fita baɗi, domin bai da lamba ko salon ɗinkin da zai tsufa. Riga in ta matse akwai mai buɗa ta, in ta yage akwai mai gyara, in an gaji da ita akwai ƙani ko maƙwabci. Wannan tsari ne mai kyau, kuma mai shagon da ke gaggawar barinsa don ya cika shago da ɗinkakkun kayan China masu arha, ya sani yana sayo matsalar da wasu ke neman hanyar fita daga cikinta. Amma mu ma muna da namu wuraren da ke yoyo.

Na farko shi ne yadin kansa. Fiye da rabin zaren da ake yi a duniya yau na roba ne, daga man fetur ake samo shi. Ba ya ruɓewa a ƙasa, duk wanki yana sakin ƙananan zarurruka su bi ruwa, in an ƙona shi a bola hayaƙinsa yana shaƙe unguwa. A yanayin zafinmu ma ba ya tsotse gumi. Auduga kuma ba tsarkakakkiya ba ce: ana ƙiyasta riga ɗaya ta auduga tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa shago, kuma noman audugar rani ne ya ƙafar da mafi yawan Tafkin Aral a tsakiyar Asiya bayan da aka karkatar da kogunan da ke zuba cikinsa tun shekarun 1960. Don haka tambayar da ta fi amfani ga ɗan kasuwa ita ce: wanki nawa wannan yadi zai yi kafin ya koɗe, ya zuba, ko ya tashi? Kayan da aka sa sau hamsin ya fi sauƙi ga muhalli a kan wanda aka sa sau biyar, ko da me aka yi shi. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. Kafin a saro da yawa, a yanki ɗan ƙyalle a jiƙa a cuɗa a shanya a rana a ga abin da zai faru. A zare zare guda a kusanta shi da wuta: auduga tana cinyewa ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Wanda ya yi wannan gwaji ya san abin da yake sayarwa, kuma zai iya faɗa wa mai saye gaskiya.

Anko na nan kusa da wannan. Ana fitar da yadi don biki guda, wani lokacin kala uku ko huɗu: na kamu, na ɗaurin aure, na walima. Da yake an san sau ɗaya za a sa, sai a zaɓi mafi arha, da yake mafi arha ne kuma sai ya zama ba ya sake sawuwa. Mai shago yana da baki a nan fiye da yadda yake zato, domin shi uwar biki ke tambaya me za a fitar. In ya nuna mata yadi guda mai kyau da za a iya zuwa aiki ko unguwa da shi bayan biki, cinikinsa bai ragu sosai ba, kuma ya sauke wa ƙawayen amarya nauyin da da yawansu da bashi suke ɗauka.

Sai kwantai. Duk ɗan kasuwa ya san zafinsa a aljihu, amma kaɗan ne ke ganinsa a matsayin ɓarnar ruwa da wuta da gumin da aka zuba a kayan. Maganinsa littafi ne: a rubuta abin da ya fita, kala da lamba da wata, a yi sari bisa abin da littafin ya nuna maimakon abin da maƙwabcin shago ya kawo. Masu sayarwa ta waya suna da sauƙi a nan, don suna iya nuna samfuri su karɓi kafin alƙalami sannan su ɗinka. Abin da ya rage duk da haka a karya farashinsa da wuri, ko a ba da shi sadaka tun yana da amfani, kafin ɗanshi da gara su cinye shi a sito. 'Yan Kantin Kwari ba su manta da ambaliyar daminar 2022 ba, wadda ta shiga shaguna ta jiƙa kaya masu yawa.

Yanzu ga inda na fi so a daɗe, wato hannuwan da ke yin aikin. Duk wanda ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san yadda abin yake. Keke ba ya tsayawa daga buɗa baki har sahur, yara masu koyo suna barci a kan tarin yadi, hayaƙin janareta na shigowa ta ƙofa, dutsen guga a kunne kusa da ƙyallaye, wayar wuta a jone kan jone. Mun saba zagin tela da saɓa alkawari, amma ba mu cika tambayar wa ya kawo masa ɗinki kala talatin saura mako guda sallah ba. Sau da yawa mai shago ne, wanda ya ƙi ba da aikin tun watan Sha'aban don kada kuɗinsa su kwanta, sannan ya taya ɗinkin a farashin da ba zai fita ba sai an sa yaran da ba a biya. Nan ne farashi da ranar karɓa suka dawo. Bambancin wannan da abin da ya faru a Savar na girma ne kawai.

Doka ba za ta yi wa mai shago wannan aikin ba. A Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya zuwa naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya bisa adadin abin da ya ɗinka ko bisa la'ada. Kusan duk masu aikin tufafi a kasuwanninmu suna cikin waɗannan rukunai. Abin da ya rage shi ne lissafi da tsoron Allah. Lissafin ba mai wuya ba ne: a zauna da tela a tambaye shi awa nawa kaftani ɗaya ke ci, a cire kuɗin zare da wuta da haya, a ga abin da ya rage masa a yini, sannan mutum ya tambayi kansa ko zai iya ciyar da gidansa da shi. A biya wani kaso a gaba, a cika ranar karɓa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma babu wanda ya fi cancantar a tuna da shi a wannan hadisi kamar telan da ake ce wa ya bari sai kaya sun fita.

Waɗanda suka fi ɓoyuwa su ne matan da ke ɗinkin hula da surfani a cikin gidaje. Hula ta hannu tana ɗaukar kwanaki, mai cikakken aiki kuma makonni, ido na kan allura, baya a sunkuye. Tsakanin matar da mai shago akwai mai kai zare da zane, akwai mai tarawa, akwai mai wanki da guga, akwai dillali. Da yake ba ta fita kasuwa, ba ta san nawa aka sayar da hular ba, kuma ita ce ke da mafi ƙarancin rabo alhali ita ta fi kowa daɗewa a kan aikin. Mai shagon da ke son gyara ya nemi sanin nawa ne ke isa hannunta. In ba zai iya zuwa ba ya aika matarsa ko 'yar uwarsa. Yanzu da kusan kowane gida ana iya tura kuɗi ta waya, biyan ta kai tsaye ba abu ne mai wuya ba. Ba na cewa a kori dillali, shi ma yana da aikin da yake yi. Cewa nake a san rabon kowa.

Yaron shago ma haka. Al'adar da muka gada ita ce ya yi shekaru yana hidima, a ƙarshe maigida ya sallame shi da jari. Tsari ne da ya tayar da attajirai da yawa a Kano, amma yana lalacewa ne idan babu wa'adi, babu shaida, sai a wayi gari an samu saɓani yaro ya tafi hannu rabbana. A rubuta yarjejeniya gaban iyaye ko shugabannin layi, a faɗi shekaru, a faɗi abin sallama. In yaron bai wuce shekarun makaranta ba, a bar masa lokacin karatu.

Rini da jima su ne inda ruwanmu ke shan wahala. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da baba da toka take aiki, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar rinannen yadin garin yana kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Amma yawancin rinin shadda na yau da sinadaran kanti ake yi, da soda mai cin fata, kuma ruwan da aka gama da shi kwata ake sakar wa. Masana'antun jima a Challawa da Sharada da Bompai sun daɗe ana kuka da ruwan da suke fitarwa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, zuwa kogunan da ake noman rani da su. Mai sayar da takalma da jakunkuna ba zai iya gina wurin tace ruwa ba, amma yana iya zaɓar wanda zai saya daga hannunsa. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, kuma jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme haka ta yi suna a Turai tun ƙarnoni da suka wuce. Mai ba da rini kuma ya je marinar da ƙafarsa: akwai safar hannu da takalmin ruwa? Ina ruwan yake zuwa? Ramin da ruwa zai kwanta a cikinsa kafin a sake shi, da 'yan safofin hannu, ba su fi ƙarfin mai kawo aiki a kai a kai ba.

Batun sayen na gida yana buƙatar gaskiya. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, unguwar Kakuri da ta rayu da masaƙu ta yi shiru, kuma daga masaƙu sama da ɗari da ƙasar ke da su a shekarun 1980 'yan kaɗan suka rage. Shaddar da muke alfahari da ita ta Getzner daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco daga Holan, mafi yawan sauran daga China. Babu mai shagon da zai cika kanta da yadin gida zalla a yau. Abin da zai iya shi ne ya ware kusurwa guda ga saƙi da rinin baba da aikin hannu, ya riƙa ba da oda a kan lokaci don masaƙin ya san yana da kasuwa. Burkina Faso ta nuna cewa wannan na yiwuwa: saƙin Faso Dan Fani da shugaban ƙasar na lokacin, Thomas Sankara, ya ƙarfafa sawa a shekarun 1980 har yau yana ciyar da mata masu saƙa da yawa. Audugar Katsina da Zamfara kuma galibi ruwan sama take sha, ba ta da irin matsalar da ta cinye Aral.

Leda da janareta da ƙyalle su ne mafi sauƙi. A tambayi mai saye ko yana buƙatar leda kafin a ba shi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sola mai ɗaukar fitilu da fanka tana mayar da kuɗinta. Ƙyallayen tela kuma a tara su a buhu a ba masu cika matashi da masu ɗinka jaka, maimakon a share su kwata su toshe magudanar ruwa.

Akwai kuma jarabar yin ƙarya da sunan gyara. A 2022 hukumar kare masu saye ta Holan ta binciki kamfanonin sayar da tufafi na H&M da Decathlon kan kalmomin son muhalli da suke liƙa wa kaya ba tare da bayani ba; kamfanonin suka amince su gyara, suka kuma ba da gudummawar yuro 500,000 da 400,000. A kasuwarmu irin wannan shi ne a kira yadin roba auduga zalla, ko rinin kanti rinin baba, ko ɗinkin inji aikin hannu. Algus ne, kuma hukuncinsa sananne ne. Gara mutum ya faɗi ɗan abin da ya yi daidai yadda yake: wannan hular wance ce ta ɗinka, an biya ta kaza, wannan yadin da roba a cikinsa, shi ya sa ya fi sauƙi.

Saura tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: wa zai biya? Wasu gyare-gyaren kuɗi suke ragewa, kamar rage kwantai da barin janareta. Amma biyan tela daidai da sayen yadi mai nagarta suna ɗaga farashi, kuma mai saye a wannan zamani aljihunsa ya yi rauni. A ce atamfar naira 10,000 ta koɗe bayan wanki goma, ta naira 25,000 kuma ta kai wanki hamsin. Ta biyun ita ce mai arha, amma sai wanda yake da 25,000 a hannu yau. A nan ne biya kaɗan-kaɗan da adashen kayan sallah ke shigowa: mai saye ya fara zubi tun Rajab, mai shago ya samu kuɗin ba da ɗinki da wuri, tela ya yi aikinsa da rana. Wasu shagunan ƙetare, irin su Nudie Jeans na Suwidin, suna gyara wandunan da suka sayar kyauta, kuma abin yana dawo musu da masu saye. Mai shago a nan yana iya ajiye tela guda a bakin ƙofa, ko ya ƙulla da na maƙwabta, ya ce duk abin da aka saya a wurinsa in zif ya lalace ko ɗinki ya warware cikin shekara guda a kawo. Hakan zai tilasta masa daina saro abin da ya san ba zai kai shekarar ba, don shi zai biya kuɗin gyaran.